Sashen sayen kayan aiki a ofishin gwamnati: takardu a cike, kaya a makare

Kowace ma'aikatar gwamnati tana da sashen da aka ɗora wa alhakin saya wa ma'aikata kayan aiki da adana su da kuma rarraba su. Jama'ar da suke zuwa ofis neman wata hidima ba su cika sanin da zaman wannan sashe ba, alhali kuwa kusan duk abin da suke zuwa nema ya rataya ne a wuyansa. Wannan sharhi ne a kan hidimar irin wannan sashe a ma'aikatar da nake aiki, kuma na rubuta shi ne a matsayina na ɗaya daga cikin masu amfani da ita, wato mai neman kwamfuta idan tsohuwa ta mutu, da tawadar firinta idan ta ƙare, da kujera idan ta karye. Ba zan ambaci sunan ma'aikatar ko na wani jami'i ba, domin abin da ya dame ni ya shafi tsarin aiki ne fiye da halin mutane. Hukuncina tun daga farko shi ne cewa sashen yana riƙe lissafi da amana, ma'aikatansa kuma suna karɓar mutum da mutunci, amma hidimar ta gaza a kan abin da ya fi kome muhimmanci ga mai nema, wato samun kaya a lokacin da aiki yake bukatarsu.

Hanyar neman kaya a rubuce take, kuma ba ta da wuyar fahimta. Ma'aikaci yana rubuta takardar bukata zuwa ga shugaban sashensa, shi kuma ya sa hannu ya tura wa daraktan mulki. Daga nan takardar ta sauka sito domin a tabbatar babu irin kayan a ajiye, idan kuma na'ura ce sai ta biya ta wurin masu kula da kwamfutoci su rubuta irin wadda ta dace. Bayan haka akanta ya duba ko akwai kuɗi a ƙarƙashin layin kasafin da ya shafi kayan, sannan sashen sayayya ya nemi farashi daga 'yan kasuwa aƙalla uku, kwamiti ya zauna ya zaɓi ɗaya, shugaban ma'aikata ya amince, a rubuta takardar oda, a kawo kaya, mai binciken kuɗi na cikin gida ya zo ya gani da idonsa, a shigar da su cikin rajistar kadarori, kafin a ƙarshe mai sito ya miƙa wa wanda ya nema. Kowane mataki a cikin waɗannan yana da hujjarsa, kuma idan ka zauna da jami'in da yake riƙe da shi zai bayyana maka irin ɓarnar da aka kafa matakin domin a toshe. Matsalar tana kunno kai ne saboda an jera matakan ɗaya bayan ɗaya, kuma fayil guda na takarda ne yake bi ta kansu duka, ta yadda babu wanda zai fara nasa aikin sai wanda yake gabansa ya gama.

Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan fayil ya duba ranakun da aka rubuta a gefen kowane sa hannu zai ga abin da nake nufi. Ainihin aikin da kowane jami'i yake yi a kan takardar ɗan kaɗan ne: ya karanta, ya rubuta layi biyu, ya sa hannu. Abin da yake cin watanni shi ne zaman da fayil yake yi a cikin tire tsakanin wannan tebur da wancan. Darakta ya yi tafiya, ba a kuma ba mataimakinsa ikon sa hannu a madadinsa ba. Kwamiti bai samu adadin mutanen da zai iya zama da su ba, sai a ɗage zuwa wani wata. Akanta yana jiran a saki kuɗin wannan zango. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da za a kira ƙarya, amma idan suka taru a kan bukata ɗaya sai ka ga ma'aikacin da aka ɗauka domin ya yi aiki da kwamfuta yana zuwa ofis kullum babu kwamfutar.

Adalci ne in faɗi abin da sashen ya iya. Rajistar kadarorinsa tsaf take, domin kowace na'ura da kowane tebur suna ɗauke da lamba, kuma idan ka ba mai sito lambar zai gaya maka shekarar da aka sayi abin da ofishin da aka kai shi. Ban taɓa jin wani jami'in sashen ya nemi na goro kafin ya motsa takarda ba, kuma wannan ba ƙaramin abin yabo ba ne. Idan kaya suka iso sito, ana ƙirga su a gaban shaidu, ana kuma mayar da wanda bai yi daidai da oda ba. A waɗannan ɓangarori na ba sashen maki mai kyau ba tare da wani shakku ba.

Sai dai a sito ɗin nan ne na fi ganin raunin tsarin ƙarara. Sashenmu yana ba jama'a takardun shaida da wasiƙu, saboda haka firinta ita ce jigon aikinmu. Da tawadarta ta ƙare na sauka da takardar karɓar kaya, sai mai sito, dattijo ne da ya daɗe a wurin, ya jawo katin da yake rubuta shige da ficen tawada ya ajiye a gabana. Layin ƙarshe na katin ya nuna babu ko ɗaya, kuma kwanan watan da yake gefensa ya riga ya tsufa. A bayan katin ya maƙale kwafin wata takarda da filin ƙarfe wanda har ya fara tsatsa. Ya ce, "Malam, ni ma nema nake yi kamar yadda kake nema. Tun da sauran kaɗan na rubuta, ga kwafin nan, har yanzu tana sama." Na ce, "Baba, sama a ina?" Ya ce shi ma iyakar abin da aka gaya masa ke nan. Wannan dattijo ya yi duk abin da ake so mai sito nagari ya yi, ya lura kaya suna raguwa, ya rubuta da wuri, ya ajiye shaida. Amma ba shi da ikon sayen ko kwalin tawada ɗaya, kuma bukatarsa ta shiga layi ɗaya da bukatar sayen motoci da gyaran gini. Tawada da takarda da batir abubuwa ne da kowa ya san za su ƙare, ana ma iya ƙiyasta lokacin ƙarewarsu daga katin da yake hannunsa, saboda haka babu wani dalilin da zai sa a riƙa ɗaukar kowane ƙarewa a matsayin sabon al'amarin da sai kwamiti ya zauna a kansa.

Akwai wani abu da jinkirin yake haifarwa wanda shi ma yake ƙara jinkirin. Ɗan kasuwa idan ya ba da farashi yakan rubuta wa'adin da farashin zai tsaya, galibi wata ɗaya zuwa uku. Idan fayil ya wuce wannan wa'adi kafin a amince, sai ɗan kasuwar ya ce kaya sun tashi, ko kuma samfurin da aka rubuta ya ƙare a kasuwa. Doka ba ta yarda a biya fiye da abin da aka amince ba, ba ta kuma yarda a karɓi wani samfuri dabam ba, don haka sai a koma neman sabon farashi daga mutum uku, a koma kwamiti, a koma teburin shugaba. 'Yan kasuwar da suka saba hulɗa da ofisoshin gwamnati sun san da wannan, sun kuma san cewa ko bayan sun kawo kaya biyansu zai ɗauki lokaci, shi ya sa suke ɗora kuɗin jiran a kan farashi tun daga farko. Masu kayan kirki da yawa kuwa ba sa ma amsa takardar neman farashi. A ƙarshe ma'aikata takan sayi abu da tsada, daga hannun wanda ya fi iya haƙurin jira, a madadin wanda ya fi kaya masu kyau.

Na fahimci dalilin da ya sa gwamnatoci suke tsaurara ka'idojin sayayya. A ƙasashen OECD, wato ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaba wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, sayayyar gwamnati tana kaiwa kimanin kashi 12 zuwa 13 cikin 100 na dukan abin da tattalin arzikinsu yake samarwa, kuma duk inda kuɗi masu yawa haka suke wucewa dole a sa ido. Amma mafi yawan waɗannan kuɗi suna tafiya ne a manyan kwangiloli, alhali mafi yawan takardun da suke cika tebur na ƙananan kaya ne. Babban laifin sashen sayayyarmu shi ne rashin bambanta waɗannan biyu a aikace. A rubuce akwai iyakar kuɗin da darakta zai iya amincewa da kansa, amma an daɗe ba a sabunta iyakar ba, hauhawar farashi ta cinye ta, ta yadda kusan babu wata na'urar ofis da take ƙasa da ita yanzu. Ƙasashe da yawa sun gane wannan tun da daɗewa. A Amurka, dokar sauƙaƙa sayayyar gwamnatin tarayya ta 1994 ta ware ƙananan sayayya na dala 2,500 zuwa ƙasa, ta ba da damar a yi su ba tare da neman farashi daga mutane da yawa ba muddin farashin ya dace, aka kuma ƙarfafa amfani da katin sayayya na gwamnati wanda yake barin shaidar kowane ciniki. Daga baya an ɗaga iyakar zuwa dala 10,000. Hikimar da take bayan wannan a fili take, domin idan albashin lokacin da jami'ai suka ɓata a kan fayil ya fi kuɗin abin da ake son saya, to sa idon ya zama shi kansa asara.

Akwai binciken da ya auna wannan asara. A shekarar 2009 masana tattalin arziki uku, Oriana Bandiera da Andrea Prat da Tommaso Valletti, sun wallafa nazari a kan yadda hukumomin gwamnati a Italiya suke sayen kayan yau da kullum irin su kwamfutoci da takarda da man fetur. Sun raba asara gida biyu: wadda jami'i yake amfana da ita, kamar cin hanci, da wadda babu mai amfana da ita, wato ta rashin ƙwarewa da nauyin ka'idoji da rashin damuwa da farashi. Ƙiyasinsu ya nuna cewa kashi 83 cikin 100 na asarar daga gida na biyu take. Ba ina cewa haka adadin yake a kowace ƙasa ba, amma abin da suka gano ya yi daidai da abin da nake gani. An gina tsarinmu gaba ɗaya domin gudun ɓarawo, sai aka yi gudun gara aka tarar da zago.

Abin da ya sa wannan hali yake ɗorewa shi ne yadda ake raba laifi. Jami'in da ya sa hannu da wuri, daga baya aka ga wata takarda ba ta cika ba, za a aiko masa da takardar tuhuma, kuma abin zai iya bin sa har lokacin ƙarin girma. Jami'in da ya bar fayil ya kwana watanni a teburinsa babu wanda zai tambaye shi, domin babu wani littafi da ake rubuta asarar jira a cikinsa. Mutum mai hankali da ya ga haka zai zaɓi ya mayar da fayil baya da ƙaramar tambaya, ko ya tura shi sama domin wani ya ɗauki nauyin. Ba na zargin jami'anmu da ragwanci, domin suna yin abin da tsarin ya koya musu ne cewa shi ne mafi aminci gare su.

Amma asarar jira tana nan, kuma akwai masu biyanta. Na farko su ne jama'a, musamman wanda ya taso daga nesa domin karɓar takarda aka ce masa ya dawo wani makon saboda babu tawada. Shi bai san wani sashen sayayya ba, ma'aikacin da yake gabansa yake gani, kuma a kansa zai sauke fushinsa. Na biyu su ne ma'aikatan da kunya take sa su sayi takarda da tawada daga aljihunsu, kuɗin da mayar musu da shi ma sai ya bi wancan dogon layi. Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne sirrin ofis. Idan babu kwamfutar aiki, ma'aikaci yakan zo da tasa daga gida, ya zuba bayanan jama'a a cikinta, ya koma da ita gida. Idan firinta ba ta aiki, akan kwafi takardun hukuma a kai shagon buga takardu na waje, inda kwafinsu zai iya zama a kwamfutar mai shago har abada. Ka'idar aiki ta hana duka waɗannan, shugabanni kuma suna gani suna kawar da kai, domin sun san idan suka hana aiki zai tsaya cak.

Da a ce mai nema yana iya sanin inda takardarsa take, da jiran ya fi sauƙin ɗauka. A nan ma hidimar ta yi rauni ƙwarai. Ba a ba mutum wata lambar da zai bi bukatarsa da ita, ba a gaya masa ranar da zai sa rai, kuma babu jami'i ɗaya da za a ce shi ne mai alhakin wannan bukata daga farkonta zuwa ƙarshenta. Amsar da aka fi bayarwa ita ce "ana kan aiki", wadda ba ta bambanta fayil ɗin da za a sa wa hannu gobe da wanda ya ɓace. Wanda ya fi kowa sanin inda takardu suke shi ne masinja, saboda shi yake ɗaukar su da littafin isar da saƙo. Wannan ya sa samun kaya ya dogara da yawan bibiya da kuma sanayya, sai ka ga sashen da shugabansa yake da baki a wurin manya ya samu nasa da wuri, sashen da ma'aikatansa suke fama da jama'a tun safe har yamma, ba su da lokacin zagaya ofisoshi, an bar shi a baya.

Wani abin lura shi ne cewa wannan tafiyar hawainiya takan rikiɗe ta zama gaggawa idan shekarar kasafi ta zo ƙarshe. Da yake kuɗin da ba a kashe ba komawa baitulmali suke yi, kuma ana tsoron kada a rage kason baɗi, sai kwamiti ya riƙa zama a kai a kai, fayilolin da suka daɗe a kwance su fito a tare. Wannan ba halin ma'aikatarmu kaɗai ba ne. Jeffrey Liebman da Neale Mahoney, a nazarin da suka wallafa a 2017 a kan kwangilolin gwamnatin tarayyar Amurka, sun gano cewa abin da ake kashewa a makon ƙarshe na shekarar kasafi ya ninka na matsakaicin mako sau 4.9, kuma ayyukan fasahar kwamfuta da aka bayar a wannan lokaci sun fi ƙarancin inganci. Gaggawar ƙarshen shekara ta nuna mini abu biyu: sashen yana iya sauri idan akwai wa'adin da ake tsoro, kuma abin da aka saya cikin irin wannan sauri sau da yawa shi ne abin da ya fi sauƙin samu, ba lallai abin da aka fi bukata ba.

A irin wannan lokaci ne kwamfutocin da sashenmu ya nema suka iso. Suna nan a kwalayensu an jera a sito, muna wucewa muna ganin su, amma ba za a taɓa su ba sai mai binciken kuɗi ya zo, sai an rubuta musu lamba, sai an shigar da su rajista. Duk tsawon wannan zama wa'adin garantinsu yana tafiya, domin daga ranar da aka kawo yake farawa. Da aka buɗe, sai ma'aikacin kwamfuta ya juya ɗaya ya karanta takardar da take manne a bayanta, ya ce samfurin ya yi daidai da abin da aka rubuta a fayil, sai dai abin da aka rubuta ɗin ne ya tsufa. Babu lasisin manhajar rubutu, domin wannan yana ƙarƙashin wani layin kasafi ne dabam, babu kuma na'urar riƙe wuta da za ta kare su idan lantarki ya ɗauke, domin ba a sa ta a takardar farko ba. Kowanne daga cikin biyun sabon fayil ne. Kayan kwamfuta ba sa jure irin wannan jinkiri kamar yadda tebur da kabad suke jurewa. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba, saboda haka ofishin da ba ya sauya na'urorinsa a kan tsari zai wayi gari yana ajiye bayanan jama'a a kan manhajar da ba ta samun gyaran tsaro. Harin muguwar manhajar kwamfuta mai suna WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya bi ta kan kwamfutocin da ba a sabunta manhajarsu ba, ya sa aka soke kimanin ganin likita 19,000 a asibitocin gwamnati na Ingila.

Gyara ma haka yake, ko ya fi muni. Babu wata yarjejeniya ta dindindin da masu gyara, don haka na'urar da ƙaramin abu ya lalace mata sai ta bi layin sayayya, kuma kafin a amince an riga an cire mata wasu sassa an gyara wata da su. Fitar da matattun kaya daga rajista shi ma sai wani kwamiti, shi ya sa kusurwoyin ofisoshi suka cika da na'urorin da a takarda suna da rai, kuma wani lokaci kasancewarsu a rajista ne yake sa a ce sashe ba ya bukatar sababbi.

Na san abin da za a ce: idan aka sassauta, aka ba ƙananan jami'ai ikon saye, sata za ta ƙaru. Wannan tsoro ba na banza ba ne, amma an gwada abin a aikace. A lardin Punjab na Pakistan an yi gwaji da jami'an sayayya kusan 600, aka wallafa sakamakon a 2021. An ba wani rukuni daga cikinsu ƙarin 'yanci ta hanyoyi masu sauƙi: kuɗin hannu na ƙananan sayayya, da sakin kasafi da wuri, da kuma rubutaccen jerin takardun da ofishin babban akanta yake da ikon nema kafin ya amince da biya, domin kada ya riƙa ƙirƙiro sababbin sharuɗɗa. Farashin da wannan rukuni ya biya ya ragu da kimanin kashi 9 cikin 100, ingancin kaya kuma bai ragu ba. Bincike bai ɓace a wannan tsari ba, abin da ya ragu shi ne ikon riƙe fayil ba tare da dalili ba. Ga ƙananan kaya, ya fi dacewa a bar jami'i ya saya ya ajiye rasit, a bincike shi daga baya, a kuma hukunta shi sosai idan ya ci amana, a maimakon a tsayar da aikin kowa saboda zargin da bai tabbata a kan kowa ba.

Ga kayan da ake saya a kai a kai kuwa, hanyar da ta fi dacewa sananniya ce. Ana yin gasa sau ɗaya, a ƙulla yarjejeniya da masu kawo kaya na shekara ɗaya ko fiye, sannan duk lokacin da bukata ta taso a yi oda kai tsaye a ƙarƙashin yarjejeniyar. Dokar samfuri ta sayayyar gwamnati da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin cinikayya ta fitar a 2011 ta tanadi irin wannan tsari. Koriya ta Kudu ta buɗe dandalinta na sayayyar gwamnati ta intanet, KONEPS, a 2002, Indiya kuma ta buɗe kasuwarta ta GeM a 2016, inda ofis yake zaɓar kaya daga jerin da aka riga aka tantance. Sai dai ina jan kunnen masu ganin cewa kwamfuta kaɗai za ta warware matsalar. An taɓa kawo mana fom na intanet domin neman kaya, amma ba a rage ko mataki ɗaya ba, kuma ana bukatar a buga fom ɗin a sa masa hannu a saka a fayil, sai ya zama ƙarin aiki a kan na da.

Abin da nake nema daga sashen sayayyarmu bai kai girman waɗancan tsare-tsare ba, kuma yawancinsa yana cikin ikon shugaban ma'aikata. A ba kowace bukata lamba da sunan jami'in da zai bi ta har ƙarshe. A sa wa kowane tebur wa'adi, idan ya wuce fayil ya tafi wurin mataimaki. A bar sito da akanta da masu kula da kwamfutoci su duba bukata a lokaci guda, tun da aikin ɗayansu bai dogara da na ɗayan ba. A ba mai sito ikon yin oda da zarar katinsa ya sauka zuwa wani adadi da aka amince da shi tun farkon shekara. A kuma riƙa kawo wa taron shugabanni rahoton tsawon lokacin da bukatu suka ɗauka, kamar yadda ake kawo rahoton kuɗin da aka kashe.

Kafin a yi haka, ga wanda ya zama dole ya yi amfani da wannan hidima ina ba da shawarar ya shigar da bukatarsa tun lokacin da ake shirya kasafin shekara mai zuwa, domin abin da ba ya cikin kasafi ba ya motsi ko kaɗan. Ya tuntuɓi masu kula da kwamfutoci kafin ya rubuta, ya haɗa duk abin da na'urar take bukata a takarda ɗaya, da lasisi da wayoyi da na'urar riƙe wuta da tawadar farko, sannan ya rubuta ƙarfin na'urar da yake so tare da kalmomin "ko makamancinta" a madadin sunan samfuri ɗaya da zai iya ƙarewa a kasuwa. Ya bayyana a fili irin aikin jama'a da zai tsaya idan kayan ba su zo ba, domin jami'ai sun fi saurin sa hannu a kan takardar da ta faɗi wannan. Ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ya kuma rubuta lambar fayil daga littafin masinja tun ranar da takardar ta bar ofishinsa.